Yumma da Ayabar Kawu Bashir

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, Dakta Asiya, wadda muke kira Yumma. A Umbadda aka haife ta, jikar mahajjatan da suka taso daga Kano suka zauna a Umdurman. Aikinta binciken cututtukan shuka a wani ɗakin gwaji a Khartum, kuma ayaba ta fi ba wa ƙarfi.

Tun ina ƙarama na saba ganin ganye a firjinmu, an ƙulle a leda kusa da nono. Ta kan ce cutar fairus ba ta da magani, kuma sau da yawa ba ta nuna kanta sai ta gama ɓarna. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne ke ɗaukarta daga wannan shuka zuwa waccan. Shi ya sa in ta shiga lambu ba a kan ayaba kaɗai take tsayawa ba. Sai ta tattare tobinta, doguwar lulluɓinta, ta bi bakin magudanar ruwa tana tsinkar ciyawa.

Yayanta, Kawu Bashir, yana da lambun ayaba a bakin Nilu, arewa da Umdurman. Wata Juma'a muka je cin abinci, ta ga ganye da zanen rawaya, sababbin kuma sun tsuke. Ta tsinka, ta haɗa da ciyawa da ganyen kokwambar da ya shuka a tsakani. Da sakamako ya fito, duka ukun suna ɗauke da cutar.

"Yaya, sai an tumbuke ɓangaren gabas, a share ciyawar," in ji ta. "Kuma kada ka sayar wa kowa 'ya'yan dashen ayabar nan."

"Asiya, da lambun nan aka yi karatunki," in ji shi.

"Na sani, Yaya. Shi ya sa ba zan yi maka ƙarya ba."

Kawu ya daina zuwa gidanmu, har Sallah ba mu gan shi ba. Yumma ba ta janye maganarta ba, ba ta kuma daina aika masa da abinci ba. Ciyawar ya share, ayabar ya bari. Da cutar ta fara tsallakawa yamma, ya tumbuke da hannunsa, rabin lambun ya tsira. Bayan nan ya zo da ganyen maƙwabcinsa a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye mata, ya nemi shayi.

Ba ta ga yaƙin nan na Sudan ba. Ɗakin gwajinta ya zama kango, ɗalibanta sun watsu. Yanzu mutane na komowa lambunansu, kowa na dasa abin da ya samu, ba mai tambayar daga ina. Na san ba za ta zarge su ba, don ta san yunwa. Amma da ta bi su lambu-lambu tana roƙo a duba kafin a dasa.

Watan jiya aka kawo wa Kawu 'ya'yan dashen ayaba kyauta. Ya tsufa, lambun ya bushe, yana bukatarsu ƙwarai. Ya juya su, ya tambayi wa ya gwada su. Aka ce ba kowa. Ya yi godiya, ya mayar, ya shuka albasa.

Allah Ya jiƙanki, Yumma.