Littafin da ya sa Abu Yasir ya tambaye ni ya na wuni

Jiya maigidana Abu Yasir ya dawo daga shagonsa na unguwar Misfala a nan ƙasa mai tsarki, ya same ni a falo ina harare-harare ni kaɗai.

Rabona da littafin labari tun ina makaranta. Sai ƙanwata ta zo Umara, ta bar min wani na Turanci da wata baƙar fatar Amurka ta rubuta, labarin mata da miji da suka tsufa tare amma hira ta mutu a tsakaninsu. Na ɗauka don in yi barci. Yanzu ko a taksi zuwa unguwar Shisha yana hannuna.

Ya ce, "Ummu Yasir, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

Na ce, "Mutumin cikin littafin nan. Tunda ya auri baiwar Allah bai taɓa tambayarta ya ta wuni ba."

Ya cire takalmi, ya zauna kusa da ni. Can ya yi gyaran murya.

"To... ya kika wuni?"

Na ce, "Tayyib, lafiya lau, bari in ƙarasa shafin nan tukuna."

Kuma wallahi ya jira.

Ku wane littafi ne ya dawo da ku karatu? Ina neman na gaba.