Kwandon Awatif

Ina cikin sauke kwando labarin ya same ni. Ranar Juma'a ce, an idar da salla a masallacin kan kwana, maza na fitowa suna laluben takalmansu. Ina tsaye a barandata a hawa na huɗu, ina sakin igiya a hankali kamar kullum, ina jiran a fizge ta daga ƙasa, alamar kwando ya isa. Ba a fizga ba. Da na leƙa, sai na ga ba Awatif ba ce a barandar hawa na biyu. Ƙanwarta ce Fayza, ta rungume kwandon a ƙirji, ta ɗago kai tana kallona.

"Maman Adil, ja kayanki sama," in ji ta. "Yaya ta cika da hantsi, a asibiti. Likkafaninta na zo ɗauka."

Na ja igiyar. Na'urar intanet ɗinmu tana kwance a ciki, 'yan fitilunta na ta ƙyaftawa kamar ba abin da ya faru. Na zauna a ƙasa da kwandon a cinya. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne likkafanin nan, da yadda ta jawo ni muka zaga masu yadi na kasuwar Manshiyya kaf kafin ta saye shi, tana murza kowanne tsakanin yatsu tana cewa wannan ba zai yi ƙarko ba. A ranar na yi mata dariya har na riƙe ciki. Da na tuna ne kukan ya zo.

Awatif, Maman Rihab, a nan unguwar Muharram Bek aka haife ta, kuma ba ta taɓa kwana a wani gari ba in ba Iskandariyya ba. Tun tana budurwa ta shiga masaƙa, ta fito da furfura da tarin da bai taɓa barinta ba. Mijinta Abdus-Sabur kwandastan taragon cikin gari ne, mutum mai manyan kunnuwa da sanyin hali. Ya rasu Rihab tana makaranta, ita kaɗai Allah ya ba su. Daga nan Awatif ta koyi rayuwa da fansho guda da rabi, nata da rabin nasa, kuma ta koye ta sosai. Ba ta sayen tumatir sai ta kai ƙarshen kasuwa ta dawo. Kankana kuwa, in ba a yanka ta gani ba, ko mai ita ya rantse da kabarin uwarsa ba za ta ɗauka ba. Mutane na cewa rowa ce. Ba rowa ba ce. Ni na san yawan kwanon miyar lalo da ya hau igiyar nan zuwa wurina shekarar da na yi jinyar mijina. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a mai da ita wawiya.

Rihab ta auri wani mai gasa burodi, suka tafi Milano, can ƙasar Turai. Takardunsu ba su fito ba, don haka in sun zo gida ba komawa. Sai waya. Kowace Juma'a bayan salla Awatif za ta sayi kati, ta maƙale a kusurwar baranda inda sabis ke kamawa, ta ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Fuskar Rihab za ta fito, ta daskare baki buɗe, murya ta ci gaba ita kaɗai, can kuma kati ya ƙare ana tsakiyar magana. Haka ta yi shekaru, tana mita tana haƙuri.

Abu biyu ne suka zo a wata ɗaya suka hana haƙurin. Rihab ta ce tana da ciki. Likita kuma ya ce suga ya shiga idon Awatif, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sawu. Muka fito daga wurinsa muka hau tarago. Sai da muka kusa sauka ta ce ita dai a bar ta ta ga fuskar abin da za a haifa, gani na sosai, ba wannan mai daskarewa ba. Bayan nan ido ya yi abin da ya ga dama.

Daga ranar aka fara neman intanet na gida, kuma daga ranar ƙafafuna suka shiga uku.

Kowane kamfani muka je akwai layi, akwai 'yar takardar lamba, akwai kujerun roba da ba sa isar mutane. In an kira mu, wani matashi mai ƙamshin turare zai zayyano magana da sauri kamar mai haddar karatu. Awatif ta bar shi ya gama, sannan ta fara. Wannan kuɗin da ya faɗa, da haraji ne ko babu? Na watannin farko ne kawai ko na kullum? Awon data da suke bayarwa, in ya ƙare kafin wata ya mutu, yankewa suke yi ko rage gudu? Na'urar sayar mata za su yi ko haya? In ruwan hunturu, da yake a nan lokacin ne ake ruwa, ya jiƙa akwatin kan titi, wa zai zo, kuma yaushe? Ita da ba ta wuce firamare ba, ta koyi waɗannan tambayoyi ne ɗaya bayan ɗaya, daga bakin matan da suka riga ta ƙonewa. Wani ya ce mata, "Hajiya, namu ya fi kowanne gudu." Ta ce, "Ɗana, ni ba tsere zan yi ba. Fuska ɗaya nake so ta tsaya cik."

Duk da haka ba ta yarda da bakin mai shago ba. Ta ce sai an yanka ta gani. Yadda ta yi kuwa shi ne, ta binciko wane gida a layinmu ke da wane kamfani. Ranar Juma'a sai ta soya kifi ko ta naɗe ganyen inabi da shinkafa, ta rufe faranti, ta ƙwanƙwasa ƙofa daidai lokacin da aka sauko daga masallaci. Ta ce wannan ne lokacin gwaji, domin a sa'ar nan duk unguwa ke kiran 'ya'yanta na ƙasar waje, layin da ya tsaya a lokacin shi ne layi. Ba mai korar mace da faranti a hannu. A ba ta wuri, a kawo shayi, ta roƙi lambar sirri, ta kira Rihab daga falon mutane. Ni ce mai riƙe jaka. Mun sha shayin gidan mai kemis, mun sha na gidan malamar makaranta, mun zauna a gidan wata da ba ma ko gaisawa tun wani rikici kan shanya. Farantin kuma ba ya dawowa wayam, don haka kowane gwaji sai ya jawo wani girkin na ramuwa.

Cikin Rihab na girma, idon Awatif na raguwa. Ta fara taka matakala da laluben bango. Wata rana muna dawowa, na zauna a matakala ta farko na ce ba zan ƙara taku ba. Na ce mata, ke Awatif, ki ji tsoron Allah, ki zaɓi kowanne ne. Bambancin bai kai kuɗin tarago da kifin da muka ƙarar ba, kuma kina ta zaɓe ido na tafiya.

Ta zauna kusa da ni, tana haki. Ta ce, "Insaf, mai arha ɗin duk na shekara ne. In na ɗauki marar kyau, na ɗaure kaina shekara guda. Ke kina ganin ina da wata shekarar da zan gyara?"

Ban ƙara yi mata wannan maganar ba.

Da ta zaɓa kuwa, ba mafi arha ta ɗauka ba, ba kuma mai yawan talla ba. Ta ɗauki wani matsakaici, wanda in awo ya ƙare yake rage gudu bai yanke ba, wanda kuma ta ga fuskar Rihab ta tsaya a kansa a gidaje biyu daban. Muka koma da murna za mu biya, sai aka ce ina lambar tarhon gida. Awatif ta yanke nata tun rasuwar Abdus-Sabur, ta ce asara ce, yanzu kuma akwatin layinmu ya cika, sai dai ta jira wani ya mutu ko ya tashi. Na ga fuskarta ta sauya. A nan na tuna da nawa tarhon, wanda ke kan kabad da sunan marigayi mijina, ba mai kiransa sai masu ɓatan lamba. Muka yi rabi da rabi, muka biya na shekara, aka ja layin ɗakina.

Gininmu tsoho ne, tun na zamanin da Girkawa ke zaune a garin nan, bangonsa kamar na kurkuku. Mai haɗawa ya kunna na'urar a falona, muka sauka da wayar a hannu, sabis ya raka mu hawa na uku ya mutu. Awatif kuma ba ta iya hawa huɗu da wannan ƙirjin. Mutumin ya ce sai an sayi na'ura ta biyu, ko a huda bangon maƙwabcin tsakiya, wanda ko ƙusa ba ya bari a buga. Awatif ta fita baranda ta ɗaga kai. Kwandona na rataye a sama, wanda ya kai mata albasa da gishiri da magani tun muna da ƙarfinmu, ya kawo mini burodi daga titi ba tare da na sauka ba. Ta tambayi mutumin nawa ne doguwar waya. Ya yi dariya har ya dafa bango. Ta bar shi ya gama, sannan ta taya wayar rabin kuɗi.

Haka aka naɗe wayar wuta da ta tarho a jikin igiya. Na'urar na da ƙahoni biyu, ga ci, don haka Awatif ta sa mata suna Akuya. Kowace Juma'a in sauke Akuya a kwando har saitin tagarta, ta fizgi igiya, in ɗaure a ƙarfen baranda. In ana ruwa mu kifa mata murfin tukunya. 'Yan layi sun yi ta tsokana, mai sayar da wake ya riƙa ɗaga kai yana tambaya ko an ba Akuya abinci yau. Awatif ta ce masa ta fi wakensa amfani.

An haifi yarinyar a farkon hunturu, aka sa mata Lujain. Juma'ar farko na ɗaure igiya na sauka. Na tarar da Awatif ta kawo wayar dab da fuska, ta karkata kai tana kallo da gefen idon dama, inda ɗan hasken ya rage. Hoton bai motsa ba, bai daskare ba. Jaririyar ta yi hamma, muka ga har dasashinta. Awatif ta ce, "Wayyo, kunnuwan Abdus-Sabur ne. Allah ya sa gashi ya rufe." Rihab na kuka a can, mu muna dariya a nan.

Ta gani. Wannan nake gaya wa kaina in abin ya taso mini. Ta ga Juma'o'in hunturu duka, ta ga murmushin farko. Wajen bazara gefen idon ma ya rufe. Ba ta gaya wa Rihab ba. Sai ta riƙa riƙe wayar kamar tana gani, ni ina zaune a gefe inda hoto ba ya kamawa, ina raɗa mata: ta sa jar riga, tana cin yatsan ƙafa, haƙori ya leƙo a ƙasa. Ita kuma ta ɗaga murya ta ce, kai, wannan jar riga ta yi mata kyau. In an gama ta jingina da bango, ta ce ta gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Ni ma in hau benena da ƙyar in jawo Akuya.

Yanzu an mai da ɗakinta hannun mai gida. Akuya tana kan teburina, ba ta ƙara shiga kwando ba. Rihab ba ta samu zuwa jana'iza ba. Juma'ar da ta biyo baya wayata ta yi ƙara bayan salla, na ɗauka, sai ga ta da yarinyar a cinya. Tun daga nan take kira. Wani lokaci in ji bakina yana faɗin launin rigar a hankali, alhali ba kowa a gefena.

Ranar Larabar makon da Awatif ta rasu aka tafi da ita asibiti, wai za a duba ƙirjin ne kawai a sallamo ta. Fayza na gaba da jaka, ni ina riƙe da hannunta muna sauka taki ɗaya-ɗaya. A ƙofar gida ta tsaya ta huta, ta matse yatsuna.

"Jibi ki sauke Akuya da wuri," in ji ta. "In ban dawo ba, ke ki ɗauka. Ki duba mini ko haƙorin sama ya fito."

Na ce, "Ke dai ki dawo ki fizgi igiyarki. Ni ba 'yar aikinki ba ce."

Ta yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. Da ya lafa ta ce, "Na shekara muka biya fa, Insaf. Kar ki bari ya tafi a banza."

Na ce, "Ba zan bari ba."