Igiyoyin da na yanke a shagon Yaya Garba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Talata Mafara. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin makaranta da ya yi ritaya. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda akwai wata takarda da nake yawo da ita a aljihu mako uku ke nan, ana jira in sa mata hannu, kuma duk wanda na nuna wa sai ya ce me nake jira.

Yaya Garba dillalin shanu ne, kamar mahaifinmu. Bai yi boko ba, allon ma bai daɗe a kansa ba aka ja shi kara, kasuwar shanu. Ranar Talata yana kasuwar Mafara, sauran kwanaki yana hanyar Bakura ko Maradun, yana ratsa Dakko da Kaya da Janbako. Babu ƙauyen da ba shi da gidan da zai sha fura. Lokacin da ruwan madatsa ya tashi wasu ƙauyuka, wani masaƙi ya ba shi masaƙarsa ya ajiye masa har ya samu matsuguni. Yaya ya kawo ta shagonsa na bayan kara, inda yake tara dusa da igiyoyin ɗaure shanu. Daga nan abu ya zama al'ada. Wanda zai yi ƙaura, ko tsohon da 'ya'yansa suka bar sana'ar gida, sai ya ce a kai wa Garba. Garemani, akusa, tandu, burgami, zugazugi, masabar maƙera, sirdin da aka daina hawa, duk suka taru har dusa ta rasa wuri. Malaman firamare suka fara kawo ɗalibai su gani, su ne suka laƙaba wa wurin gidan tarihi. Shi dai shagon ajiya yake ce masa har ya koma ga Allah.

Ni kuwa Sarkin Tarkace nake ce masa, shi ya ce mini Bature. Kowane kaya a shagon nan yana da wata 'yar igiya ɗaure a jikinsa, ja ko baƙa ko fara, da ƙulle-ƙulle, duk sun yi dauɗa. Ban taɓa tambayarsa ta mece ce ba. A ganina mutumin da ya tashi cikin igiya dole ya ɗaura wa komai igiya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya tare ni a ƙofar gida.

"Bature, ka zo da biro da takarda ka zamna, in hwaɗa maka ka rubuta. Kaina ba ƙarhe na ba."

Kullum amsata ɗaya ce, sai an yi hutu. An yi hutu ya fi sau ashirin ban je ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Wata uku da rasuwarsa aka aiko cewa wasu jami'ai suna zagaya yankinmu, suna duba ƙananan gidajen tarihi na al'umma domin a ba masu kula da su horo, waɗanda suka cancanta kuma a tallafa musu. An ji labarin shagon Garba, za a zo a gani. Na ji daɗi har na ji kamar ni na tara kayan. Na ce yau zan fitar da ɗan'uwana kunya. Kwana biyu ina aiki ni kaɗai. Na share, na shafe bango da farar ƙasa, na goge ƙarafa da mai, na yanka farin kwali na rubuta sunan kowane abu da kyakkyawan rubutuna na malami. Igiyoyin nan kuwa na bi su da reza ɗaya bayan ɗaya, na cika kwando, na ƙone su tare da shara a bayan shago. Matarsa Hajiya Kulu tana cikin takaba a lokacin, ba ta fita ko zaure, ni kuma ban ga abin shawara a shara ba.

Da baƙin suka zo, wata jami'a mai natsuwa ta tsaya a gaban masaƙar nan, ta karanta kwalina, ta tambaye ni ta wane ne, daga wane gari. Na ce ta marigayi ce. Ta sa yatsa a wani farin zobe da ya fito a jikin itacen, inda igiya ta daɗe tana kwance, ta ce me aka cire a nan. Na ce wani tarkacen zare ne. Ta dube ni, ta wuce gaba. A kowane kaya sai ta sake samun irin wannan zoben.

Da la'asar na je na tsaya a bakin ƙofar Hajiya Kulu, muka gaisa, na ba ta labari daga bayan labule. Sai ta ce:

"Malam, mi kay yi? Igiyoyin nan su na littahin yayanka."

Ita ce take murza masa zaren. Ja na ɓangaren Bakura ne, baƙi na Maradun, fari na Mafara. Yawan ƙulli yana nuna ƙauye, yadda aka karya bakin igiyar kuma yana nuna gida. Haka yake wa shanun mutane alama a ƙaho in ya haɗa su garke ɗaya, kuma bai taɓa miƙa wa wani saniyar wani ba. Ta ce da igiyoyin suna nan, ita da tsofaffin abokansa na kara za su iya karanta fiye da rabi. Hajiya Kulu mace ce da ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, irin wasan matar wa da ƙanen miji. Tun daga ranar nan sai gaisuwa mai tsawo ta ladabi, kamar ni baƙo ne. Na fi son ta zage ni.

Gaskiya ban da abin cewa a kan jami'an nan. Sun gayyace ni horo a birni, na je, na kuma ƙaru. Na koyi yadda ake hana gara cin itace, da yadda ake ajiye fata kada ta bushe ta tsage, na kuma gane man da na shafa wa ƙarafan ba alheri na yi musu ba. Darasin farko a ranar farko shi ne kada ka cire komai daga jikin kayan tarihi, ko da tsumma ne. Na sunkuyar da kai kamar yadda ɗalibaina suke yi in ba su yi aikin gida ba. Tallafi dai bai zo ba, domin ba a tallafa wa wurin da bai san asalin kayansa ba.

Sai kuma ƙasa ta rikice. Ba sai na gaya wa mai karatu abin da ya sami ƙauyukanmu a shekarun nan ba. Hanyoyin da Yaya yake bi da sandarsa shi kaɗai, yanzu sai an tambaya kafin a bi. Gidajen da yake shan fura wasu sun zama kufai, mutanensu sun watsu cikin Mafara da Gusau da Sakkwato. Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga haka. Ina jin ba zai ce komai ba, shago zai ƙara buɗewa. Har yanzu mutane suna sallama da kaya a buhu suna neman wurin Garba. Waɗannan nakan rubuta sunansu da garinsu kafin su zauna. Na da ɗin ne matsala. Ni da Hajiya Kulu mun yi ta cigiya, ita a gidajen suna da biki, ni a kara ranar Talata, amma waɗanda muka gano ba su taka kara sun karya ba.

Yanzu ga wata dama ta sake fitowa daga masu ba da tallafi, wadda ta fi ta farko. Za a gyara rufi, a kawo akwatunan gilashi, a yi feshin gara, a horar da mutum biyu. Sharaɗin shi ne in sa hannu cewa duk kayan mallakar gidan tarihin ne, ko kuma kowane mai kaya ya dangwala yatsa cewa ya bayar. Na fahimci dalilinsu, ba sa son a tallafa wa kayan sata ko kayan rigima. Amma takardar gida biyu na cikewa gare ta, kyauta ko saye. Babu gidan da za a rubuta ajiya. Wani tsohon ɗalibina da ya taimaka mini wajen cike ta, domin da Turanci take kuma ta waya ake turawa, ya ce in sa hannu kawai, shekara tara wa zai zo. Ba mugun yaro ba ne. Ya ga abin da na gani: damina biyu ke nan ruwa yana sauka a kusurwar gabas, gara ta cinye akushi biyu, ta kama ƙafar masaƙar nan. In ban sa hannu ba, kayan za su lalace a gabana. In na sa, na mayar da amanar mutane dukiya da bakin birona.

Wani lokaci har haushin Yaya nake ji. Mutum ne mai taurin kai da saurin fushi. Masu rubuta wasiƙa suna nan a bakin kasuwa, da ya ɗauki ɗaya ya zaunar da shi yini biyu da an gama. Amma a'a, shi ƙanensa yake so. Ya sayar da bijimi ya tura ni kwalejin malamai, yana son ranar da bokon nan zai zauna a gabansa ya saurare shi. Da na gane haka sai haushin ya dawo kaina.

Ga masu tsara irin wannan tallafi, roƙona kaɗan ne. Gidajen tarihin da ke yankinmu ba irin na manyan birane ba ne. Yawancinsu ɗaki ne a gidan wani dattijo, kayan ciki kuma aro ne ko ajiya. A ƙara gida ɗaya na ajiya a takardar, a rubuta ta da Hausa. Kafin a tara mu a babban ɗakin taro ana raba mana shayi, a turo mutum ɗaya mai haƙuri da abin naɗar murya ya zauna da tsofaffin nan tun suna numfashi. Da an yi wa Yaya haka yini guda, da rezata ba ta yi ɓarna ba.

Talatar da ta wuce Hajiya Kulu ta aiko mini cewa ta ji labarin wani tsohon maƙeri daga wajen Kaya, Baba Isa, wanda yake zaune a gidan surukinsa a nan Mafara tun da aka tashe su. An ce ya taɓa ba Garba ajiya. Na je na ɗauko shi a babur. Idonsa ya yi rauni, sai da na riƙe hannunsa muka shiga. Masaba biyar ke shagon, ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Na miƙa masa ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa. A ta uku ya tsaya, ya bi ƙotar da babban yatsa har ya sami wani lotsi, ya ce ta mahaifinsa ce, wurin nan yatsan tsohon ne ya cinye shi. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Nan take na fito da takarda da tawada, na yi masa bayanin rufi da gilashi da gara, na ce yatsa kawai zai dangwala. Ya saurare ni har na gama, sannan ya mayar da hannunsa cikin riga.

"Ɗana, ni ban ba Garba ita ba, ajiya nib ba shi. In nid dangwala maka hannu, na yarda ke nan ba mu komawa gida."

Na ce to ya tafi da abarsa. Ya ce ina zai kai ta, shi da yake kwana a zauren suruki. Ya ce in mayar da ita inda take, in Allah ya sa an koma, shi ko jikansa wani zai zo.

Ba zan sa hannu ba. Na rubuta wa masu tallafin na faɗi gaskiyar yadda kayan suke, in sun karɓa a haka, to, in ba su karɓa ba zan ci gaba da tare ruwa da abin da nake da shi. Na san mai yiwuwa na zaɓa wa kayan nan lalacewa ne, kuma wannan bai bar ni na sake ba. Shagon zai iya faɗuwa, sunan gidan tarihi dama ba Yaya ya raɗa ba. Abin da ya bari shi ne mutumin da ya rasa gona da maƙera da ɗakin kwana yana da wuri ɗaya a duniya da zai nuna abu ya ce nasa ne.

A hanyar komawa Baba Isa ya ce in bi da shi maƙabarta, domin bai samu jana'iza ba. Na kai shi gaban kabarin. Ya yi sallama, ya yi doguwar addu'a, ya shafa, sannan ya ce a hankali, "Garba, na zo na iske kayana. Allah shi saka maka." Ina tsaye a bayansa ina cewa amin, ina tuna sauran masu ajiyar da ba za su taɓa zuwa su faɗi haka ba, kuma ba 'yan bindiga kaɗai suka jawo ba, har da ni.