Akuyar da Ta Ci Rigar Makaranta

Budurwar tana zaune a bencin jiran likita, tana tunanin labarin kakarta da take rubutawa, wanda ya ƙi gajarta. Gabanta wani dattijo ne mai furfura, wuyan rigarsa duk ya koɗe, yana riƙe da hannun wata tsohuwa da idanunta ke yawo a bango. Da gani mantuwa ta ci ƙarfinta.

Shi ya sa ba ya doguwar shimfiɗa. Yana sunkuyawa daidai kunnenta.

"Inna, akuyar nan da ta cinye mini rigar makaranta a kan igiya, kika bi ta da muciya."

Tsohuwar tana dariya har dasashi. "Ja'irar akuya!"

Akuya ɗaya, riga ɗaya, sauran duk ya zubar. Budurwar tana ayyanawa, ko labarai nawa ya daddatse kafin ya samu wanda yake shiga?

Yana kallon bakin tsohuwar, ko za ta kira sunansa.

Ta shafa hannunsa. "Bawan Allah, ashe ka san ɗana?"

"Na san shi, Inna," in ji shi, yana gyara mata mayafi.