Asabar ɗin Alhaji Barmo

Ni Ilu mutum ne mai zargi, ba na musu. Shekara goma sha ɗaya ina sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu ta Guangzhou, a China, ina aika wa 'yan kasuwar Kano, kuma har yau ba na rufe kwali sai na tabbatar kowace ƙafar hagu tana da ta damarta. Da irin wannan idon na fara kallon Alhaji Barmo.

Barmo shi ne mai yi mana lodi. Ka kai kaya sitonsa, ya cika kwantena, ya tura tashar jiragen ruwa ta Huangpu, wata rana a kira ka daga gida a ce sun iso lafiya. Mutumin Ƙofar Wambai ne. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a bakin titi, kowa ya sani, shi ma a nan ya tashi yana faci har hannunsa ya yi kanta. Tun da Allah ya buɗa masa a Guangzhou kuwa, ko kalmar keke ban taɓa ji a bakinsa ba. Babbar riga, turare, baƙar mota da ake wankewa kullum. A sana'arsa wannan ba ado ba ne kawai. Mutumin da zai ba ka kayan da ya tara shekara yana nema, motarka yake fara dubawa.

Abin da ya tsaya mini a rai Asabar ce. Duk Asabar Barmo ba ya nan. Ka kira, waya a kashe. Ka je sito, 'yar Chinan da ke kula da wurin ta ɗaga maka hannu: "Lawban meyo." Wato maigida ba ya nan. Ran Lahadi ya ɓullo fuska ta ƙara duhu, yana tafiya a hankali. Rannan a masallaci na ga yashi a cikin takalminsa. Ina yashi a unguwarmu ta Sanyuanli?

Sai Harouna, wani ɗan Damagaram mai sayen tufafi a kasuwar Canaan, ya ce ya gan shi a jirgin ƙasan Nansha da jaka a baya, ba mota ba babbar riga.

"Ilu, Nansha ma fa akwai tashar jiragen ruwa," in ji shi. "Mutum ya bar motarsa ya yi shigar burtu, ka ce ba kayan mutane yake karkatarwa ba?"

Magana ta faɗa guruf ɗinmu na WhatsApp, wanda ya haɗa mu da iyayen gidanmu na Kano. Mutum uku suka ce a dakatar musu da lodi. Ni kwali ɗari biyu gare ni a sitonsa, don haka Asabar ɗin da ta biyo na bi shi.

Sama da awa ɗaya muna cikin jirgi, ina laɓe a tarago na gaba. A Nansha ya shiga banɗaki, ya fito da wando iya ƙwauri da hular kwano. Ya nufi wata rumfa a bakin teku, wani tsoho ya fito masa da keke, suka tafa. Can ga wasu dattawan China biyar, kowa da nasa keken, suna yi masa ihun maraba.

Hanya ce ja mai santsi da aka shimfiɗa don keke kaɗai, teku a dama, itatuwa a hagu, iyalai 'yan hutu suna ta wucewa. Barmo ya hau. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya dace da abu haka ba. Ya saki hannu ɗaya, yana dariya har da ƙyaƙyatawa, tsofaffin suna binsa.

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya rufe ni. Nan take na ɗauki bidiyo na tura guruf, na rubuta: "Jama'a mu ji tsoron Allah. Ga Alhaji Barmo, ba sata ba komai, keke kawai yake hawa." A zuciyata na wanke shi.

Da ya zagayo ya gan ni, ya taka birki har ya kusa faɗuwa. Na ba shi haƙuri, na faɗa masa komai. Ya ce suga ce. Likita ya ce ko ya motsa jiki ko a ƙara masa allura, shi kuma ba motsin da jikinsa ya iya sai wannan. Shekara uku ke nan.

"To ai shi ke nan, Alhaji," na ce. "Na ma nuna musu."

"Ka nuna wa wa?"

Na miƙa masa wayar. Ya duba, ya jingina keken, ya zauna a kan benci.

"Ilu, zargin sata da takardun lodi zan wanke shi. Wannan da me zan wanke?"

Bai rufe baki ba saƙon murya ya shigo daga Alhaji Sharfaddeen, babban dilan takalma a Kano. "Innalillahi! Barmo a kan keke? Ina motar? Ashe ɗan mai faci ya koma gidan jiya. Mutum ya karye ana ɓoye mana! A kwashe mini kayana."

Na yi ta bayani, na ce nan masu hali ne ke hawan keke don nishaɗi. Wani ya ce in faɗa wa yara. Maganar ciwon kuwa Barmo ya hana ni, ya ce ba mai ba mara lafiya amanar kwantena. Zargin sata mutum uku ya tsayar. Keke, kafin Laraba, ya kwashe mutum goma sha huɗu.

Kwalayena suna nan a sitonsa, su da na wasu mutum biyu, a kusurwa ɗaya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, gaisuwarsa ma ba ta canja ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya daina ɓoyo. Duk Asabar daga gida yake fitowa da hular kwanonsa a kai. Wayar ma yanzu a kunne yake barinta, don ba mai kira.