Yadda Kawu Sanda Ya Koma Cin Kifi

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Sanda gaisuwa a gidansa na Gaya ta bakin iyakar Benin ya san ba a rabuwa da shi sai ya ɗora maka kunne. Ka ce masa ka kwana da tari, ba zai ce maka sannu ba tukuna. Jawo ka zai yi, ya manna kunne a gadon bayanka, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya yi shiru. Sai ya saurara ya saurara, sannan ya yanke hukunci: "Inji lafiya lau. Ruwa ne ya yi ƙasa." Shi ke nan, tashi ka je randa.

Ƙuruciyarsa duka a kan kamyo, babbar motar kaya, ya ƙarar da ita, tsakanin Kotonu da Yamai, kuma ko da ya ajiye tuƙi bai yarda akwai abin da ba inji ba a duniyar nan. Kankana a kasuwa sai ya saurare ta kafin ya saya. Firigon sanyaya ruwa na matarsa Inna Ramu ya sha kunne har ya gode Allah. Kun tuna ranar sunan nan da liman ya sarƙe yana tsakiyar addu'a? Ba don an riƙe wa Kawu gefen riga ba, da a gaban jama'a zai duba shi.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, don haka zancen kyanwar nan a kan idona aka yi shi.

A ƙarshe-ƙarshen tuƙinsa ne ya dawo daga Paraku ta ƙasar Benin, aka tarar da ƴar kyanwa mai launin toka a ƙarƙashin kujerar kamyo, kunnenta ɗaya a tsage. Kawu ya ce shi bai san ta ba, fasinja ce, in ta ga tasharta za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ya sa mata suna Duwan, wato kwastan, domin ba buhu ko leda da za ta shigo gidan ba ta je ta shinshina ta duba ba. In aka ce masa kyanwarka, sai ya ɓata rai ya ce ina aka taɓa ganin namiji da gemunsa yana kiwon kyanwa. Amma da ya ciro tsohuwar kujerar kamyon ya dasa ta a gindin mangwaro, rabin kujerar nata ne. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa zuwa da babbar rigarsa zai zauna a nan, Kawu ya nuna masa tabarma ya ce wurin da mai shi.

Haka suka tsufa tare. Sai wata bazara, ana cikin zafin nan da ke gaban damina, Duwan ta daina cin abinci. A ajiye mata, ta dube shi ta kau da kai. Ta koma kwanciya a gindin randa, gashinta ya yamutse, haƙarƙarinta ya fito. Kawu ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa mata kunne a ciki. Tana ɗan gurnanin nan nasu a hankali. Ya miƙe ya ce ralanti, wato gurnanin inji a tsaye, na nan daram, mai ne kawai ba ta sha.

To kun dai san Kawu da tsimi. Mutumin da ke dafa ganyen shayi har ruwan ya fito fari, ya shanya shi a rana, gobe ya sake ɗorawa. Kuma kun san ba ya cin kifi. Tun yana saurayi ƙaya ta maƙale masa a maƙogwaro a wata tafiya, ya rantse shi da kifi har abada, alhali a bakin kogi aka haife shi. Wannan mutumin ne aka wayi gari ana gani a bakin ruwa da sassafe, yana jiran masunta su fito. Hamsatu mai kifi, wadda ta san shi tun tana budurwa, ta tambaye shi ko an sasanta ne. Ya ce na Inna Ramu ne, ba ta jin daɗin bakinta. Ya shiga tonon kwando, wannan ya yi ƙaya, wancan ya yi tauri, yana neman ƙarami mai laushi. Hamsatu ta ƙulle masa a takarda, ta miƙa da hannu biyu cikin ladabi, ta ce, "A gaida Inna Ramu, Baba. Allah Ya ba ta lafiyar wutsiya."

Duwan ba ta ci kifin ba. Aka buɗe gwangwanin sardin, ta lashi man ta bar sauran. Aka gwada hanta, aka gwada madara. Kawu ya yini a kujera yana tunani, can ya gano cutar: kewar gida ce. Ai ƴar Benin ce, tsufa ya zo, cimar ƙasarsu take so. Washegari ya hau kabu-kabu ya ƙetare gada zuwa Malanbil, garin Benin da ke tsallaken kogi, ya dawo da rana tsaka gumi sharkaf, da cukun wagashi da tuwon akasa da busasshen jatan lande. Ya jera su a faranti, ya ajiye a gabanta, har da yi mata Faransancin ƴan tasha wai ko za ta tuna gida. Duwan ta tashi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya ta shinshina, sannan ta juya ta koma gindin randa ta kwanta.

Kawu ya daɗe yana kallon farantin. Ya ce, "Ta duba. Kaya na iya wucewa."

Mu muka cinye wagashin. Inna Ramu tana ci tana cewa shekara da shekaru mutumin nan yana bin hanyar Benin bai taɓa riƙo mata ko yanki ɗaya ba, ashe jira ake kyanwa ta kwanta.

Ni na matsa masa a kan asibitin dabbobi. Ya yi ta gardama, wai shi da ya gyara kamyo a tsakiyar daji da igiya da sabulu. Da ya ga ta fara tangaɗi in ta tashi shan ruwa, sai ya nemo kwali ya huhhuda, ya shimfiɗa tsohon rawaninsa a ciki. Muka tarar da filin asibitin cike da shanu da raguna, makiyaya na tsaye da sandunansu. Kawu ya shiga layi a bayan wani bijimi, kwali a rungume. Wani dattijon Bafillace daga wajen Yelu ya tambaye shi ko kaji ne. Kawu ya ce marar lafiya ce. Daidai nan Duwan ta yi kuka daga cikin kwali. Dattijon ya dubi kwalin, ya dubi furfurar Kawu, ya ce da natsuwa Allah Ya albarkaci garke.

Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya tambayi Kawu ko tasa ce, Kawu ya ce maƙwabciya ce. Likitan ya buɗe mata baki ya nuna mana: haƙora sun ruɓe, dasashi ya kumbura. Ya cire wani haƙori da ke lilo, ya yi mata allura. Ya ce tsufa ya rage mata jin ƙamshi, kyanwa kuwa abin da ba ta ji ƙamshinsa ba ba ta ci. A ba ta abu mai laushi, a ɗumama shi don ƙamshin ya tashi, kaɗan-kaɗan amma sau da yawa. Bai ɓoye mana ba, ya ce ta tsufa ƙwarai, ba ya ɗaukar alkawari. A hanyar dawowa ko masu kabu-kabu Kawu bai yi wa faɗan tuƙi ba, a nan na san abin ya taɓa shi.

Duk abin da likita ya ce ya yi. Shi ke dama kifin da yatsa, ya gwada ɗuminsa da bayan hannu, ya ajiye, ya tsaya a kanta. Ta ɗan lasa, ta bari. Ciwon bakin ya lafa, amma cin bai dawo ba.

Akwai abin da duk gidan muka sani ba mai iya faɗa. Shi kansa Kawu ya bar cin abinci. Tun rasuwar amininsa Garba, wanda suka fara aparanti, wato yaran mota, tare, ya koma shayi kawai. A kai masa kwano, ya buɗe ya rufe. Wandonsa sai da ya ƙara wa mazagi ƙulli. In muka yi magana ya ce tsohon inji ba ya shan mai da yawa.

Inna Ramu ce ta haɗa biyun. Muna madafa ta ce mini, tun da kyanwar nan ta zo gidan, ta taɓa ci a nata kwanon? Na yi tunani, wallahi ba ta taɓa ba. Jira take Kawu ya buɗe nasa, shi kuma ya riƙa sakin loma a ƙasan kujera kamar suɓuce masa ta yi. Yanzu ga shi bai buɗe kwano, ya koma tsayuwa a kanta kamar jandarma.

Ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, ta yi miyar kuɓewa, ta marmasa kifi a ciki. Ta kai gindin mangwaro ta dire a gabansa. Shofer, wato direba, take kiransa tun aurensu.

"Shofer, ka taɓa ganin baƙo ya ci abinci mai gida na tsaye a kansa? Zauna ka ci, ta gani."

Ya buɗe ya shinshina. "Da kifi a ciki."

"Da shi."

"Kin san na rantse."

"Na sani. Sai ka zaɓa, rantsuwarka ko ita."

Ta juyo ta bar shi. Muka laɓe a ƙofar madafa muna leƙe. Can ya ɗaga murya ya tambaya ko an cire ƙayar duka. Inna ta ce an cire. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Sai ya shiga ci da ƙarfi yana tanɗe baki don a ji daga gindin randa, yana yabon miya, yabon da Inna ta ce ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Sannan loma ɗaya ta faɗi ƙasan kujera.

Duwan ta ɗaga kai. Ta taso a hankali tana ɗingishi, ta zo ta shinshina. Ta ci. Wata lomar ta faɗi, ta ci. Kawu bai dubi ƙasa ba ko sau ɗaya. Mangwaron yake gaya wa cewa hannunsa ya fara rawa, tsufa ne. Ya goge ido da bayan hannu ya ce barkono ya yi yawa. Inna ta raɗa mini cewa ko ƙwaya ba ta sa ba.

Da la'asar ya tafi wajen liman ya tambayi kaffarar rantsuwa. Liman ya ce me ya yi zafi bayan shekarun nan duka? Kawu ya ce lalurar iyali ce.

Daga ranar komai ya sauya. Tun da likita ya ce kaɗan-kaɗan sau da yawa, dole Kawu ma ya ci sau da yawa. Kumatunsa suka ciko, ya kwance ƙullin mazagi. Duwan ta koma rabin kujerarta, har ta dawo bakin aiki, ko da yake daga kwance take duba kaya, sai an kawo mata ledar gabanta. Inna kuwa ta samu linzami. In tana son ya ci, ba ta roƙo. Wucewa za ta yi tana cewa a iska yau kam Duwan ba ta ci komai ba, sai ka ji ana neman ruwan wanke hannu. Hamsatu ta daina tsokana, ta koma ware masa mai laushin tun kafin ya iso.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, sannan ciwon ajali ya kwantar da shi bayan girbi. Da ya ji jiki ya ce a tara masa iyali. Babban ɗansa, Yaya Amadu, ya taso daga Doso. Muka zauna muna jiran wasiyya. Zancen gida a numfashi ɗaya ya gama shi, ya ce kun san komai, kada ku yi faɗa. Sai ya shiga bayanin abincin kyanwa: wane kifi, yadda ake cire ƙaya, yadda ake gwada ɗumi. Yaya Amadu ya yi haƙuri har ya gaza, ya ce, "Baba, gonar ƙauyen Bana fa?"

"Gona ba ta jin yunwa, Amadu."

Sannan ya juya ga Inna Ramu, muryarsa ta yi ƙasa. "Duwan ba ta ci ita kaɗai, kin sani. Ki zauna ki buɗe kwano. Ki ci sosai, ta gani."

Bayan an kai shi, Inna ta shiga takaba, abinci ya fita ranta. Mun kai mata kwano ta ture, mun kai ta ture. Rannan na shiga ɗakinta na tarar Duwan ta shigo ta zauna a gefen tabarma, tana kallon kwanon a rufe. Inna ta dube ta, ta dube ni, sai dariya ta kama ta, hawaye na zuba. Ta ce, "Tsohon nan! Ashe tun farko ya gane dabarata, ya yi shiru. Ga shi ya rama." Ta jawo kwanon ta buɗe.

Allah Ka jiƙan Kawu Sanda, Ka yafe masa kurakuransa. Ya ciyar da wadda ba ta da bakin roƙo, Ya Allah Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna, Ka haskaka makwancinsa. Mu da ya bari, Ka ba mu masu zama su ci tare da mu ranar da abinci ya fita ranmu. Amin.