Aksul biyu daga Ƙonni, siminti daga Malbaza

Mun tashi da asuba ranar Laraba daga ƙauyenmu da ke kusa da Tajaye, mu uku cikin motata: ni, da taubashina, da shugaban masu ginar rijiyar garinmu. Motar mai ja da ƙafa huɗu ce, na saye ta hannun masu aikin hanya bayan sun gama cin ƙuruciyarta. Tsohuwa nake ce mata, amma ba na son jin wani ya kira ta haka.

Rijiya ce ta fitar da mu. Wata biyu ana gina, an kai ga ruwa, sai dai gaba uku na ƙasa rairayi ne zalla. In ba a ɗaure shi da siminti kafin ruwan farko ba, za ta rufta kamar ta bara, mata su koma tafiyar rabin yini da tulu a ka. Siminti yana Malbaza. Damuwar ita ce aksul ɗin baya na Tsohuwa, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu biyu yana juya su, sau biyu yana karye mini da kaya a hawan ƙoramar da ke bayan garinmu. Shi ya sa muka nufi Ƙonni tukuna, wurin wani dattijon makanike da ke da gawar wata babbar motar daji.

Hanyar rairayi muka bi har Malbaza. Ko'ina mutane na binne, suna zuba iri a busasshiyar ƙasa suna ɗaga kai gabas. Ƙasusuwan shanun da farin bara ya kashe suna nan gefen hanya. Itatuwan Malbaza duk sun yi furfura da ƙurar siminti. A shinge jandarma ya zagaya Tsohuwa sau biyu, ya tambaya ko asibiti za mu kai ta. Taubashina ya ce a'a, maƙabarta. Na haɗiye wannan saboda takarduna na hannun mutumin. A Tsarnawa muka sha fura ta dala biyu, mai kauri, da nono mai tsami.

Mun sami Ƙonni cike, ranar kasuwa ce, 'yan canji na ta nuna wa mutane sabon kuɗin nan naira. Garejin kuwa inuwar dogon yaro ce kawai da tulin ƙarafa. Dattijon ya kwanta ƙarƙashin Tsohuwa ya daɗe, ya fito ya ce aksul ɗin babbar motar zai shiga in an yi masa sabon mazauni da walda, a ƙara ganyen sifirin. Amma duka biyu za a sauya, gaba da baya.

Nan hali ya motsa. Na ce na baya ne ke karyewa, na gaba bai taɓa yi mini laifi ba, kuma ba mu da lokacin ɓatawa.

"Ɗana," in ji shi, "haƙoran cikin wanga da na wancan ba guda ba na. In ka aza na baya ɗai, ƙahwahun gaba na son gudu, na baya na son tahiya. Mota hwaɗa ta ka yi da kanta."

"Baba, shekara tara ina tuƙa ta. Sa na baya ɗai."

Dattijon ya sa na baya kaɗai. Ranar Alhamis da la'asar suka sauko da ita, ya nuna mini wani fili mai tauri, ya ce in haɗa ƙafa huɗu in gwada. Na ja sandar, na saki. Tsohuwa ta yi taku goma, ta hau tsalle kamar jakin da aka ɗaure wa ƙafa, tayoyi na kuka, cikinta na ƙara. Taubashina, da ya nace sai ya zauna gaba, kansa ya gaisa da rufi, hularsa ta fita ta taga. Na kashe injin, kunya ta rufe ni. Dattijon ya ce a sake ɗora ta bisa duwatsu a sa na gaba, shi ke nan abin da ya ce.

Sauri ya haifi nawa. Washegari Juma'a, mai walda ba ya kunna wuta sai an sauko daga masallaci. Yinin nan shugaban masu gina bai ci abin kirki ba, ya zauna yana kallon gabas, inda gajimare ya fara taruwa. Bai zarge ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Asabar da hantsi aka gama. Tsohuwa ta ƙara faɗi, ta ƙara tsayi, ƙafafunta sun leƙo waje. Na gwada ta a filin nan, ta tafi sumul. Mun isa Malbaza saura kaɗan a rufe buron sayar da siminti, muka ɗora buhu ashirin da biyar da ƙarafan ɗauri. Da can rabin wannan yana zaunar da ita. Yau ko gezau.

Da muka sauka hanyar rairayi sai wani abu ya ɓullo: sababbin ƙafafun sun fi sawun motocin da ke hanyar faɗi, gefe ɗaya ya faɗa cikin sawu, ɗayan yana bisa tudu. Haka muka yi ta tafiya a karkace, sitiyari na kokawa da ni. Muna isa ƙoramar, hadari ya riga ya haɗo, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa tamfol. Shugaban masu gina ya ce a sauke rabi a haura da shi a ka, yadda muka saba. Na duba sama, na ce kafin mu kai buhu na biyar ruwa zai mai da sauran dutse.

Na bar tsohon sawu, na zaɓi wurin da mota ba ta taɓa bi ba. Na yi bisimilla, na haɗa ƙafa huɗu, na sa ƙaramar giya. A tsakiyar hawan, daidai inda na saba jin ƙas, baya ya nutse har rabin taya. Sai na ji gaban motar ya kama ƙasa yana ja, a hankali, a hankali, ba tsalle ba ƙara, har hancinta ya leƙa bisa tudu. Aksul ɗin da na ce ba na so, shi ya fitar da mu. Daɗin da na ji bai misaltuwa. Taubashina ma ya rasa abin tsokana, sai dukan ƙofa yake yana dariya.

Gari ya fito, aka kwashe siminti zuwa zauren mai gari da gudu. Hadarin nan iska ya zama da ɗan yayyafi. Kwana shida masu gina suna cikin rijiyar, ranar na bakwai da azahar aka sheƙa ruwa har ƙoramar ta kawo. Yana ɗaukewa muka nufi rijiya, maza da mata, cikin taɓo. Shugaban ya ɗaura igiya ya sauka da kansa. Muka kewaye bakin rijiyar. Can sai muka ji yana dukan bango da hannu, sannan muryarsa ta taso daga ƙasa: "Ta tsaya. Ku sako guga."

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne: rabin gyara ba ya rage hanya, kuma daɗewa bisa sitiyari ba ta sa ka san abin da ke ƙarƙashin mota. Yini guda na gardamata ya kusa cin rijiyar gari, Allah ya rufa asiri. Jiya na cika jarka da ruwanta, na ba direban da ke zuwa Ƙonni ya kai wa dattijon.